Yadda nake jinyar karen da na tsinta har in sama masa ubangida

Karen farko da na ɗauka, a bakin kwalbati na gan shi kan hanyar Kaita, cikin zafin bazara. Yara sun yi masa rotse, harshe waje don ƙishirwa. Na sa masa suna Duna. Tun daga kansa, duk wanda na tsinta ina kai shi wani kango da na kewaye a gidan gonata, ya murmure, sannan in nema masa mai riƙo.

In ka tsinci kare, kada ka fara kai masa hannu. Kare mai ciwo yana cizo ko da ba halinsa ba ne. Zuba ruwa a tsohon kwano, ka ja baya ka tsuguna, ka daina kallon ƙwayar idonsa. In ya sha ya natsu, sai ka lulluɓe shi da buhu ka ɗauka. Amma in ka ga dalala na zuba, yana kai wa itace da dutse cizo, muƙamuƙinsa ya saki, ko ƙafafun baya na tangaɗi, bar shi. Kore yara, ka kira likitan dabbobi. Alamun haukan kare ke nan, kuma in ciwon ya bayyana a jikin mutum, da wuya a tashi. Wanda aka ciza, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15, a tafi asibiti a ranar a fara allura. Kada a tsaya shafa toka ko "bari mu gani".

Sabon kare yana yin kwana 10 shi kaɗai a wurina, ba ya haɗa kwano da kowa. In da cutar a yawunsa lokacin da ya zo, cikin waɗannan kwanakin za ta nuna. Duk da haka ba na sakin jiki, don takan ɓuya makonni ko watanni kafin ta fito.

Wajen abinci ne tausayi ke sa a yi ɓarna. Ranar da na kawo Duna na cika masa kwano, ya cinye, ya amayar da shi duka, ya kwana yana nishi. Cikin da ya daɗe da yunwa ba ya ɗaukar lodi. Yanzu kaɗan-kaɗan nake ba su, sau huɗu a yini: kunu, ko tuwon da ya kwana a jiƙa da romo, sai dafaffen huhu da nake saya a kwata. Ban da miya mai albasa da tafarnuwa, suna lalata masa jini. Ban da ƙashin kaza dafaffe, yana tsagewa ya soke hanji. Maganin ciwon jikinmu na mutane ma kada a ba shi. Ruwa kuwa kada ya yanke, inuwa ma haka.

Kaska, musamman da damina, duba cikin kunne da tsakanin yatsu, ka kama ta dab da fata ka zare a hankali. Mai ƙazuwa kuma don Allah kada a shafa masa baƙin mai ko fiya-fiya. Na ga wanda fatarsa ta saɓule saboda haka. Kai shi asibitin dabbobi a yi masa allura, a ba shi maganin tsutsar ciki. A nan ne za a yi masa rigakafin hauka in ya kai wata 3, a ba ka kati, ana sabuntawa duk shekara.

Maƙwabcina ya taɓa ce mini, "Malam, duk wannan wahalar a kan kare?" Na tuna masa hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare, Allah ya gafarta masa. Kuma an yarda a riƙe kare don farauta, ko tsaron dabbobi, ko gona. Masu irin wannan buƙatar nake ba wa: mafarauta, makiyaya, masu lambu.

Ba na ba da kare a bakin ƙofa. Sai na je na ga inda zai kwana, na ji wanda zai riƙa ciyar da shi. Yaro in ya zo, sai ya kawo babansa. Kwikwiyo ba ya rabuwa da uwarsa sai ya cika mako 8. Baƙon da ya ce a ba shi uku ko huɗu lokaci guda, ina ba shi haƙuri, don akwai masu tattara karnuka su kai kasuwar garin Dawaki a jihar Filato, inda ake sayar da su don a ci namansu.

Ranar tafiya ina haɗa wa mutum da katin rigakafi da buhun da karen ke kwana a kai, in ce ya ɗaure shi a inuwa kwana uku na farko don kada ya biyo sawu ya dawo. Bayan mako biyu nakan leƙa. Duna yana wurin wani dattijon mafarauci a bayan Kaita, kuma da na je na tarar ya yi masa rumfar zana a gindin darbejiya.