Yadda Ake Duba Kaluluwa, da Kula da Ƙafar da Tundurmi Ya Kama

Jama'a barkanmu da warhaka. Satin da ya wuce wata maƙwabciyarmu nan Argungu ta aiko a kira ni, wai ɗanta ya tashi da ƙullutu a matsematsi har shina ɗingishi, kuma an riga an ce mata a kai shi ga wanzami a tsaga. Na ce "Inna dan Allah ki dakata, bari in ga tafin ƙafarshi tukun." Muna juya ƙafar sai ga ƙaya ta karye cikin diddige har wurin ya tara ruwa, ashe kwana huɗu kenan da ya taka ta wajen korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Ciwon na diddige, kaluluwar aikinta kawai take yi.

Bari in yi bayanin aikin nata, don in ba ka gane shi ba za ka riƙa faɗa da mai gadinka. Bayan jijiyoyin jini akwai wasu hanyoyi sirara a jikinmu masu ɗaukar wani ruwa garai-garai, kusan irin wanda kake gani cikin bororo in wuta ta ƙona ka, likitoci na ce mishi limf. Kullum ruwa na tsattsafowa daga ƙananan jijiyoyin jini ya shiga tsoka, akasari ya koma, amma wajen lita 3 na saura a rana, to hanyoyin ga su ke kwashe shi su haura da shi har ƙasan wuya su zuba shi cikin jini. Kuma ba su da famfo irin zuciya, motsin tsoka da numfashi ke tura ruwan, shi ya sa in ka zauna cikin mota daga Birnin Kebbi har Abuja kake sauka da ƙafa ta yi nauyi. A kan hanyar akwai tashoshi kamar ƙwayar wake wajen guda 600, cike da fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta, duk ƙwayar cutar da ruwan ya ɗauko nan ake tare ta. In faɗa ya yi zafi tashar ta kumbura, ita ce muke ce ma kaluluwa. Saifa ma da ke hagu ƙarƙashin haƙarƙari cikin dangin take, sai dai ita jini take tacewa.

To ga yadda ake dubawa. Ka wanke hannu, ka haɗa yatsu uku, ka riƙa murzawa a hankali da cikin yatsun, kada ka matsa da ƙarfi. Fara daga bayan kunne, ka gangaro ƙarƙashin haɓa, gefen wuya, ramin nan da ke saman ƙashin ƙasan wuya, sai hammata, sai matsematsi. Duk abin da ka taɓa a dama ka taɓa ɗan'uwanshi a hagu ka gwada. In ka samu, nemi inda matsalar ta taso, domin kowace tasha da unguwar da take gadi: ta matsematsi ka duba ƙafa da tsakanin yatsu, ta hammata ka duba hannu da nono, ta wuya ka duba haƙori, maƙogwaro, kunne, da fatar kai musamman ga yara masu ƙuraje ko makero.

Wadda ke da zafi, tana da ɗan laushi, tana gudu ƙarƙashin yatsa, kuma ga ciwon da ya jawo ta kana gani, wannan yawanci da anka yi maganin ciwon za ta sauka cikin sati biyu zuwa uku. Wadda nike tsoro ita ce marar zafi, tauri kamar dutse, ta manne ba ta motsi, ta kai girman goro tana ƙaruwa, ko ta wuce wata guda, ko ta fito saman ƙashin ƙasan wuya, balle in mutum na rama, zufa na jiƙe mishi riga cikin dare, zazzaɓi na zuwa yana dawowa. Tarin tibi na kama kaluluwar wuya, kuma gwajinshi da maganinshi kyauta ne a asibitocin gwamnati, ciwon daji ma kan fara nuna kanshi ta haka. 'Yan'uwana mata, ƙullutu a hammata tare da ƙullutu a nono ba abin kunya ba ne, ku tahi asibiti ranar da kunka gani. Kada a tsaga, kada a ɗora wuta, kada a matse.

Sai tundurmi, wanda shi ya fi ci min rai don na ga yadda mutane ke guje ma masu shi ana cewa sammu ne ko sun taka wani abu. Tsutsa ce ƙarama, sauro ke kawo ta, ta zauna cikin hanyoyin ruwan ga shekara 6 zuwa 8 tana lalata su, ruwa ya kasa haurawa ya taru a ƙafa, ga maza kuma ya kan sauka ya zama gwaiwa. Mu da ke kwana kusa da fadama mun san sauro, don haka gidan sauro dole ne, kuma in masu rabon maganin tsutsar, wato Mectizan da albendazole, sunka zo da sandar awon tsawo a karɓa a sha, sau ɗaya ne a shekara, ban da mai ciki da yaron da bai kai santimita 90 ba.

Maganin ba ya mayar da ƙafar da ta riga ta kumbura, abin da ke taimakonta wanki ne. Safe da dare, ruwa mai tsabta ba mai zafi ba da sabulu, a bi duk lungun fatar da ta naɗe da tsakanin yatsu, sannan a tsane da ƙyalle mai tsabta har ya bushe ƙarau, don danshin nan shi ke kawo rubewar yatsu, ta nan ƙwayoyin cuta ke shiga su tada zazzaɓin da ke ƙara ma ƙafar girma duk lokacin da ya zo. In an ga tsagewa a shafa man da ma'aikacin lahiya ya ba da. In ana zaune a ɗora ƙafar bisa kujera, da dare a ɗaga ta da matashi, da rana a dafa bango a riƙa ɗagawa bisa yatsu ana sauka, kuma kada a yi yawo ba takalmi, a sa a ɗinka mai faɗi da laushi daidai ƙafar. Ranar da ƙafar ta yi ja da zafi jiki na rawa a bar motsa ta, a ɗora ƙyalle mai ruwan sanyi, a sha farasitamol da ruwa da yawa, a kai mutum asibiti a ba shi maganin ƙwayoyin cuta. Ita kuwa gwaiwa aiki ake yi mata ta warke, kada Baba ya zauna shekara goma shina ɓoyo cikin babbar riga.

Shi yaron Inna an cire mishi ƙayar an wanke wurin an sa magani, jiya na gan shi bakin kasuwa ya ɗauko buhun ƙaiƙayi a keke, na taɓa matsematsin saura ɗan abu kamar gyaɗa.