Abin dubawa kafin a sayi madubin saiti na hannu don bindiga .22

Bindigar .22 LR, irin wadda ake farautar zomo da kurege da ita a Amurka da Ingila, ba ta da bugun baya mai ƙarfi, shi ya sa madubin da ya yi shekaru a kanta yakan kasance da sauran lafiya. Matsalar ita ce yawancin madubban da ke kasuwar kayan hannu ba daga kan .22 aka kwance su ba.

Saboda haka fara tambayar mai shi a kan wace bindiga yake. In ya ce bindigar iska ce mai sifirin, ka yi hattara. Irin wannan bindiga tana fizgar madubi baya ta kuma fizge shi gaba, kuma madubin da ba a ƙera shi don haka ba, gilasansa na ciki sukan saki. Ka girgiza shi kusa da kunnenka. In ka ji wani abu na kaɗawa, ajiye masa kayansa.

Sai batun nisan da aka daidaita madubin a kai, inda mutane da yawa ke yin asara. Madubin manyan bindigogi ana daidaita shi ne a yadi 100 ko 150, na .22 kuwa a yadi 50 ko 60. In ka ɗora na babbar bindiga ka harbi abu a yadi 25, da idonka ya ɗan goce daga tsakiya, harsashi ya goce, kai kuma ka yi ta zargin hannunka. Gwajin ba wuya: ɗora madubin a kan buhun yashi, ka saita giciyen, wato layuka biyu masu gittawa da ake gani a cikin madubin, a kan wani abu mai nisan yadi 50, ka janye hannunka, sannan ka motsa kanka sama da ƙasa kana leƙawa. In giciyen yana yawo a kan abin, madubin bai dace da wannan nisa ba. Wanda aka rubuta AO a bakinsa, wato mai zoben daidaita nisa a gilashin gaba, ko mai abin murɗawa a gefen hagu, ana iya daidaita shi, kuma shi ya fi dacewa da .22. Ƙarfin 4x32 ko 2-7x33 ko 3-9x40 ya isa (lambar kafin x yawan kusanto da abu ce, ta bayan x faɗin gilashin gaba a milimita). Wanda ya wuce haka nauyi ne kawai ga mai farauta.

Haska tocila ta babban gilashin, ka leƙa ta ɗaya gefen. Ƙura a waje ba komai. Abin gudu shi ne tabo mai kama da saƙar gizo daga ciki, wannan funfuna ce, alamar danshi ya shiga. In mai shi ya yarda, a sa madubin a firij na rabin awa a fito da shi. Raɓar da ta kwanta a waje ana gogewa, amma in hazo ya taru ciki, iskar naitirojin da aka cika shi da ita ta tsere.

Duba bututun madubin inda zobban da ke ɗaure shi a kan bindiga suka riƙe shi. Ɗan goguwar fenti rage kuɗi kawai take sawa. Lotsewa kuwa, wadda za ka ji da farce, tana nuna an ɗaure sukurori fiye da kima, kuma takan matse kayan ciki har saiti ya daina tafiya daidai. Murɗa maɓallin sama da na gefe daga farko har ƙarshe. Kowane ƙas, wato ƙarar da maɓallin ke yi a kowane taki, ya kamata ya fito sarai, babu laushi, babu tsallake. A yawancin madubbai ƙas ɗaya yana matsar da inda harsashi ke faɗawa da kwatan inci a yadi 100, wato rabin hakan a yadi 50.

Auna kaurin bututun, inci 1 ne ko milimita 30, domin zobban ba sa shiga juna. Haka gindin da zobban ke kamawa: bindigogin Amurka da yawa suna da tsagi mai inci 3/8, na Turai irin CZ 457 milimita 11. Kusan ɗaya suke a ido, amma zoben da bai dace ba yakan zauna a karkace.

Kamfanonin Leupold da Vortex suna gyara madubinsu ko da a hannun mai shi na biyu, wannan ya sa nasu ke riƙe daraja. Sai dai jabun Leupold suna da yawa a intanet, don haka a tura wa kamfanin lambar da ke jikinsa kafin a biya.

Bayan an ɗora, a yadi 50 harba uku. Murɗa ƙas 16 sama ka harba, 16 dama, 16 ƙasa, 16 hagu, kana saita wuri ɗaya kullum. Ramukan su zana murabba'i mai inci 2 kowane gefe, na ƙarshe ya faɗa kan ukun farko. In bai koma ba, a mayar wa mai shi, saboda haka a yi sharaɗin kwana biyu ko uku na gwaji tun wajen ciniki.