Kunamar bindigar gasa mai laushin tsiya: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Akwai wani wasan harbi da Turawa ke kira benchrest, wato harbin kan benci, mutum zai zauna ya ɗora bindiga a kan tebur mai nauyi, gaba a kan matokari baya a kan jakar yashi, yana neman ya zuba harsashi biyar cikin rami ɗaya daga nisan yadi 100 ko 200. A Amurka wasan ya fi ƙarfi, ƙungiyarsu ta NBRSA tun 1951 take, wata ƙungiyar mai suna IBS kuma ta zo a 1970, sannan harsashin da ya mamaye gajeren zango shi ne 6mm PPC da Lou Palmisano da Ferris Pindell suka fitar a 1975. To masu wannan wasa kunamar bindigarsu oza 2 ce ko ma ƙasa, giram 57 kenan, nauyin ƙwan kaza guda, alhali bindigar farauta sai ka matsa da kilo ɗaya da rabi ko fiye kafin ta tashi. Dalilin a fili yake, duk ƙarfin da yatsa ya sa a jikin kunama yana shiga bindigar ya gusar da saiti, shi yasa da yawansu ko kafaɗa basa jinginawa, ɗan yatsa kawai ke taɓawa. Matsalar dai mutane na ganin wannan laushin su yi sha'awa, basu san ta inda aka samo shi ba.

Babban kuskure, wanda ni a ganina ya fi sauran haɗari a haɗe, shi ne mutum ya ɗauko kunamar da tazo da bindigar farauta daga kamfani ya kama sassauta sukurorinta wai sai ta koma oza 2. Bazata koma ba sai ta zama bala'i. A cikin kunama akwai wata ƴar ƙugiya da ke riƙe allurar da ke dukan gindin harsashi, kuma bayan allurar akwai sifirin mai ƙarfi sosai yana turo ta, to a kunamar farauta kusan duk wannan ƙarfin yana zaune ne a kan leɓen ƙugiyar kai tsaye, in kana son laushi dole ka rage sifirin ɗin da ke mayar da kunama wurinta ko ka rage yawan cizon da ƙugiyar ta yi, kaga ka bar abu yana reto a bakin gaɓa, girgiza kaɗan ya zame. Ita kuwa kunamar gasa irin ta kamfanin Jewell, an ƙara mata hannu na uku a ciki wanda ke raba nauyin kafin ya iso yatsa, ta kamfanin Bix'n Andy na ƙasar Ostiriya kuma ƙananan ƙwallayen ƙarfe ta jera suna wannan aikin. Laushinsu daga tsarin ginin yake, ba daga rage cizo ba. Gyaran kawai ka sayi wadda aka ƙera don haka, kuma ko ita kar ka sauka ƙasa da abinda kamfanin ya rubuta a takarda. Wanda ya kai ga sa zarto ko dutsen wasa wuƙa a leɓen ƙugiya kuwa, wannan kunamar ta tashi aiki, a jefar da ita ya fi.

Sai gyara ba gwaji. Ka juya sukuru ka ji ta yi daɗi a yatsa sai ka ce shikenan, a'a. Ka tabbatar babu harsashi, ka leƙa da ido ka sa yatsa ka taɓa, bakin bindiga na kallon inda ba kowa, sannan ka rufe sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ciki ya kulle bayansa, da ƙarfi, irin rufewar mai sauri a gasa in iska ta kwanta yana son ya zuba biyar ɗinsa kafin ta juya, ka maimaita sau ashirin ko talatin, ka ɗan bubbuga gindin bindigar da tafin hannu. In allura ta faɗi ko sau ɗaya ne to cizon bai isa ba, ka ƙara shi. Ka kuma auna nauyin da ma'auni sau goma a jere, in yanzu oza 2 anjima 3 anjima 1 da rabi to akwai abinda ke gogar wani a ciki. Kuma a yi gwajin bayan an mayar da ƙarfen bindigar cikin ƙotarsa an ɗaure, don sau da yawa a waje lafiya lau, ana ɗaurewa sai kunama ta jingina da jikin ƙota ko da ƙarfen da ya kewaye ta, ta kasa komawa wurinta gaba ɗaya.

Akwai sukurun da ke tsayar da kunama bayan ta saki, wasu na matse shi ƙam don basa son motsi ko kaɗan, sai ƙugiya ta kasa saki sarai allura ta tafi tana ja, wani lokacin ta ƙi tashi ma. A ɗan bar mata fili.

Mai kuwa shi ne ya taɓa kama ni. Mu mun saba duk ƙarfen da ke motsi a ɗiga masa mai, keke ne ko keken ɗinki ko kwaɗon ƙofa, sai na ɗiga wa kunamata ɗigo biyu na tafi ina ganin na yi mata gata. Watanni kaɗan, wata safiya mai sanyi a filin harbi, an bada izini na sa harsashi na tura sakata na saukar da hannunta, kawai naji ƙara, wallahi yatsana ko kusa da kunama bai je ba. Allah yasa bindigar na kan matokarinta tana kallon tudun ƙasar da ke bayan takardar saiti, harsashin can ya shige, amma jikina sai da ya ɗauki rawa. Wani dattijo da ke bencin kusa da ni bai ce min komai ba, ya buɗe akwatinsa ya ɗauko ƴar gwangwanin ruwan laita, muka cire sakata ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasan kunamar ya dinga tsiyayawa ta sama, abinda ke sauka a ƙyallen ruwan ƙasa-ƙasa ne kamar shayin da ya kwana, har da ɗan baƙin gari. Man ya daskare ya haɗu da ƙura ya zama danƙo, sifirin ɗin da ke mayar da kunama kuma siriri ne kamar gashi, bashi da ƙarfin ture danƙo, sai ƙugiya ta kama rabi da rabi. Kunamar gasa a bushe take aiki, ruwan laita ake wanke ta dashi a bari ya bushe, wasu su bi da iska.

Ba mai kaɗai ba, maganin wanke bututun bindiga ma yana gangarowa baya ya ɗiga cikin kunama, kuma ƴan wannan wasa wanke bututu suke kusan bayan kowane zagaye. A sa ɗan bututun roba da ke shiga wurin sakata ya raka sandar wanki har bakin ɗakin harsashi, a kuma sunkuyar da bakin bindiga ƙasa kaɗan. Haka gam ɗin da ake sa wa sukuru don kar ya kwance, ɗan mitsitsi ake sawa a kan sukurun kawai. Kar a raina wannan, a 2014 kamfanin Remington da kansu suka janye bindigoginsu samfurin 700 da Seven masu kunamar X-Mark Pro waɗanda aka ƙera tsakanin 2006 da 2014, saboda gam ɗin da ya yi yawa wajen haɗawa yana iya sa bindiga ta tashi ba a so ba, kuma wannan fa kunamar farauta ce mai nauyi.

Wani abin da ake mantawa, in an cika wa harsashi albarushi har allura ta huda ƴar hular da ke gindin kwanso, iskar wuta na dawowa baya da ɓarɓashin ƙarfe, ɓarɓashin na iya faɗawa cikin kunama, dukan ma na iya karya wani abu a ciki. Ka ga kwanso ya fito da rami a gindi to ka tsaya, ka wanke sakata da kunama ka sake gwajin nan tun daga farko, ba wai ka ci gaba don lokacin zagaye na ƙurewa ba.

Maganar sefti kuma, yawancin kunamomin gasar nan basu da shi sam, wanda ya saba da bindigar farauta sai ya ɗauka akwai abin dogaro. Seftinsu shi ne sakata a waje, shi yasa a wuraren gasa doka ce sakata na cire har sai mai kula da layi ya bada izini, in ya ce a tsaya kuma kowa ya zare tasa kafin wani ya taka zuwa wurin takardu. Ba a sa harsashi sai bindiga ta zauna a matokarinta tana kallon saiti, ba a ɗaga ta daga benci da harsashi a ciki, ba a kai yatsa sai an gama duba tutocin da ke nuna motsin iska. Wanda ya ɗauki kunamar oza 2 ya ɗaura wa bindigar da zai rataya ya shiga daji da ita yana tsallake rami, wannan ban san me zan ce masa ba, bindigar daji a bar ta da nauyinta.

Na ƙarshe baƙo da sanyi. Aboki zai ce bari in gwada, shi kuma ya saba ɗora yatsa a kunama yana lalube kafin ya ja, a nan laluben ma harbi ne, don haka a fara bashi ya gwada da harsashin roba na atisaye sau da yawa kafin na gaske. Kai kanka in sanyi ya kashe maka yatsa baka jin taɓawar sai dai kaji ƙara, ka cusa hannu a aljihu ya ɗumama tukuna, safar hannu kuma a cire ta. Ni ranar da sanyi ya yi yawa ƙara wa tawa nauyi nake ta kai oza 3, in sake gwajin sakata sau ashirin a gida kafin in fita.