Kafin ka sayi motar gida don zaman ritaya

Salam jama'a. Ga 'yan'uwa mazauna Ingila da ke shirin sayar da gida su koma zama cikin motar gida (wato babbar mota mai gado da banɗaki a ciki, wadda ake kira motorhome) bayan ritaya, ku fara duba nauyinta tun kafin ku duba kyan kujeru.

Wanda ya samu lasisin tuƙi daga 1 ga Janairu 1997, iyakarsa kilo 3,500. Wanda ya samu kafin nan yana iya tuƙa har kilo 7,500, amma da ya cika shekara 70 sai likita ya duba shi kafin a bar masa wannan dama. To a cikin 3,500 ɗin nan har da kai da uwargida, da tukunyar gas, da ruwa. Tankin lita 100 kilo 100 ne cur! Mu da muka kai tamu ma'aunin manyan motoci, sai da muka sauke buhun shinkafa da akwatin littattafai, uwargida tana ta harara ta.

Gado kuwa, ku nemi na dindindin a ƙasa. Wanda ke saman mazaunin direba sai da tsani, gwiwar ɗan shekara 65 kuma ba ta son tsani da asuba. Ku shiga banɗakin ku gwada tsugunawa kamar za ku yi alwala, wasu ko juyawa ba a yi.

In ta hannu ce, a sa na'urar gwada laima a bango da kusurwoyin taga. Ku kuma yi hayar irinta mako guda cikin hunturu kafin ku biya.