Yadda ake haɗa zoɓo mai dakakkiyar ƙanƙara

Tunda bazara ta shigo 'yan uwa suke ta tambayata, to ga shi. Ba sai da blanda ba, turmi ya isa.

1. Ki wanke zoɓo kofi 2, yana da yashi.
2. Ki tafasa shi da citta da kanumfari, minti 15.
3. Ki tace.
4. Ki sa sukari tun da ɗumi.
5. Ki bari ya huce sarai. A nan ake kuskure: in da sauran zafi, ƙanƙarar za ta narke ya yi salam.
6. Ki aika a sayo ƙanƙarar ruwan leda wajen mai firjin sola.
7. Ki naɗe ta a ƙyalle mai tsafta.
8. Ki daka. Kar dai a turmin yaji, ni na taɓa shan wannan wahalar.
9. Ki cika kofi da ita.
10. Ki kwarara zoɓon a kai.
11. Ki matsa lemun tsami, a sha nan take.