Yadda zaka gane shekarun tsohon gidan katako

Kar ka yarda da fuskar gida, nan ne farkon kuskure. Irin gidajen nan da aka tada akan ginshiƙan katako a Ingila, Jamus da gabashin Amurka yawanci an sha yi musu gyara ta gaba, an canza tagogi, an shafe bango, wani ma an lulluɓe shi da bulo gaba ɗaya dan ya yi kama da na zamani. Ko shekarar da zaka gani an sassaƙa a saman ƙofa, sau tari ta gyara ce ko ta auren masu gidan. Ɗau tocila ka hau can ƙarƙashin rufi, inda ba wanda ke zuwa yin kwalliya.

In ka hau, kwantar da hasken tocilar a jikin katakon ta gefe, kar ka dalle shi kai tsaye, sai kaga shatin kayan aiki ya fito ɓaro-ɓaro. Gatari da gizago suna barin sara-sara marar tsari. Zarton mutum biyu, wanda ɗaya ke tsaye a sama ɗaya a cikin rami, layinsa a ɗan karkace yake kuma tazarar ba ɗaya ba dan hannu na gajiya. Zarton da ruwa ke juyawa layinsa a miƙe sambal, tazara iri ɗaya. In kuwa layin ya lanƙwasa kamar baka to zarto mai zagaye ne, shi kuma bai yaɗu ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19. Amma fa a kula, shatin gatari ba ya nufin gida ya tsufa sosai tunda mutanen ƙauye sun ci gaba da sassaƙa manyan ginshiƙai da hannu har bayan zuwan inji, shi dai shatin bakan ne ke ce maka wannan katakon bai riga injin zuwa duniya ba.

Ƙusa ma tana magana. Ta maƙeri, mai kai duk bugun guduma, ita ake amfani da ita har wajen 1800, daga nan aka shiga wadda inji ke yankowa mai kusurwa huɗu, zagayayyar da muka sani yanzu kuma sai wajen 1890 ta cika kasuwa.

Sai lambobin kafinta. A ƙasa ake fara gwada katakan, a fafe rami a sassaƙa harshen da zai shiga, a saka musu lamba irin ta Romawa, I, II, III, kafin a ɗaga a kafe da ƙusar itace. Bi lambobin ɗaya bayan ɗaya. Inda jerin ya katse ko hannun rubutun ya canza, anan aka yi ƙari. In kuma ka ga rami a jikin ginshiƙi ba abin da ya shiga ciki, ba kuma inda ya dosa, wataƙila daga wani tsohon gini aka ciro shi, kaga kenan ya girmi gidan. Wannan ne ya fi yaudarar mutane, katako ɗaya bai isa shaida ba.

A Ingila in ka tarar katakan rufi sun yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ba gobara bace, alama ce an zauna a gidan tun ana hura wuta a tsakiyar ɗaki hayaƙi na fita ta sama, kafin bututun hayaƙi ya zama ruwan dare a ƙarni na 16 zuwa na 17.

Duk wannan kintace ne, mai yanke magana shi ne ƙirgen zoben itace. A ƙasashen sanyi bishiya na ƙara zobe ɗaya duk shekara, mai kauri in shekara ta yi kyau, siriri in an sha wuya. A. E. Douglass, masanin taurari ne ma, shi ya kafa ilimin, ya buɗe ɗakin bincikensa a Jami'ar Arizona a 1937. Masana na huda ginshiƙi su zaro siririn itace kamar fensir su gwada jerin zoben da wanda aka riga aka sani, irin wannan jerin na itacen ok (wato oak, wata bishiya mai ƙarfi da ake gini da ita) a Jamus ya koma baya sama da shekara 10,000. Ana son zobe aƙalla 50, daga katakai da yawa. In an dace da gefen da ɓawo yake, za a faɗa maka ainihin shekarar da aka sare bishiyar, kuma da yake da ɗanyen ok ake gini dan ya fi daɗin sassaƙa, da wuya ginin ya wuce shekara ɗaya ko biyu bayan nan. In gefen ya zube sai dai a ce maka bayan shekara kaza aka yi.

Shi yasa in ka ga wani gefen ginshiƙi ya ɗan zagaye, yana da taushi, ƙwari sun ci shi, dan Allah kar ka kankare shi da sunan gyara kafin masu gwajin su zo, zoben ƙarshe a nan yake.