Yadda ake ɗaukar hoton wasan ƙwallon ƙafa ba tare da ya fito dishi-dishi ba

Masu koyo da yawa da na zauna kusa da su a gefen fili suna komawa gida da ɗaruruwan hotuna, amma da wuya a tsinci goma masu amfani a ciki, kuma kusan kullum wajen saita fokas, wato inda kyamara take kamawa don ya fito tar, suke faɗuwa.

Ka isa fili awa ɗaya kafin a take wasa, ka zauna a bayan layin raga, tsakanin turke da tutar kwana, rana tana bayanka. Daga nan ne 'yan wasan gaba suke fuskantarka, kuma zama ya fi tsayuwa, domin ɗan wasa ya fi kwarjini idan an ɗauke shi daga ƙasa. Kada saurin ƙiftawar kyamara ya gaza 1/1000 na daƙiƙa. Ka buɗe ƙofar haske zuwa f/2.8 ko f/4, ka bar ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, ya hau har 3200 ko 6400 idan wasan dare ne, saboda yashi-yashin da yake kawowa yana raguwa a kwamfuta, alhali hoton da motsi ya ɓata ba shi da magani. Gilashin gaban kyamara na 70-200mm ya ishi mai farawa. Na 400mm da ake gani a hannun ƙwararru yakan fi kyamarar kanta tsada, don haka haya ta fi saye har sai aikin ya fara biyan kansa.

Sai fokas. A wasan dare na farko da aka tura ni, na bar wa kyamara ta zaɓi abin da za ta kama, sai ta riƙa kama allunan talla da ke bayan 'yan wasa saboda sun fi su haske. Rubutun tallar ya fito tar, fuskar wanda ya ci ƙwallon kuwa ba a gane ta, kuma wannan hoton kaɗai edita yake jira. Tun daga ranar nake sa kyamara a tsarin bin motsi, wanda Nikon da Sony suke kira AF-C, Canon kuma AI Servo, in zaɓi ɗigon fokas ɗaya ko ƙaramin rukuninsu, in ɗora shi a ƙirjin ɗan wasa, domin rubutun riga ya fi sauƙin kamawa, kansa kuma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Bayan haka ka raba fokas da maɓallin ɗauka, ka mayar da shi kan maɓallin AF-ON na baya, inda babban yatsa zai riƙe shi. Amfanin wannan shi ne idan alƙalin wasa ya gifta tsakaninka da wanda kake bi, sai ka ɗaga yatsa, fokas ya tsaya inda yake har ya wuce. Hannu yakan ɗauki wasa biyu ko uku kafin ya saba, kuma a nan ne masu koyo suke karaya su koma tsohon tsari.

Kada ka bi ƙwallo da gilashi, don ta fi hannunka sauri. Ka bi wanda za a ba ƙwallon tun kafin ta iso shi, ido ɗaya a kyamara ɗaya a fili, ka ɗauki uku ko huɗu a jere ka saki. Idan ƙwallo ta shiga raga kada ka duba allon kyamara, domin murnar da ke biyo baya ita ce jaridu suka fi bugawa.

Idan wasan na tafiya ne, kyamara da batura su kasance a jakar hannu, tunda kamfanonin jirage ba sa yarda a sa baturan litiyam na ajiya cikin kayan da ake aunawa. Ka sa katin memori biyu, kowanne yana ajiye duk hoton da ka ɗauka. A hutun rabin lokaci ka zaɓi biyar, ka yanke gefensu, ka duba lambar riga ka rubuta sunayen 'yan wasa daidai, ka aika kafin a dawo fili.